Tafin Hannun Uwar Kumfa

A ɗakin wanki na asibitinmu, can ƙasan bene inda rana ba ta leƙowa sai ta wata 'yar taga daf da rufi, babu mai kiran Yaya da sunanta na yanka. Uwar Kumfa ake ce mata, tun kafin na zo. Ni kaɗai nake ce mata Yaya, ba don mun haɗa jini ba, sai don ita ta karɓe ni ranar da na fara aiki, ta nuna mini inda ake rataye mayafi da inda ake ɓoye kofi kada masu shara su yi gaba da shi. Ni guga nake yi. Dutsen Guga suke ce mini, wai don saurin ɗaukar zafi, kuma ban taɓa musu ba.

Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, tana tafiya kamar kullum da kwando a kanta. Muna da manyan injinan wanki, amma akwai abin da inji ba ya fitarwa: jinin da ya kwana ya bushe, da maganin rauni mai barin tabo, da wasu abubuwan da ba a faɗa ana cin abinci. Duk irin waɗannan bahon Yaya ake kai wa. Kuma da ruwan sanyi take yi, don jini ba ya son zafi. Ka zuba masa ruwan zafi, ya kama zani ke nan har zanin ya mutu. Ana ba mu safar hannu, amma kafin azahar tata ta yage, sai ta cire ta jefar ta ci gaba da hannu tsirara. Haka ruwa da sabulu da bilic suka yi shekaru suna cin fatar yatsunta har suka koma sumul, babu zane ko ɗaya.

Ta sha wulaƙanci a kan yatsun nan. Duk inda ake danna yatsa a na'ura, banki ne ko wajen rajistar layin waya, sai ta tara wa mutane layi a bayanta. A ce ta shafa yatsa a goshi, ta shafa. A ce ta hura masa iska, ta hura. A gwada babban yatsa, a gwada ɗan ali, a koma hannun hagu, a ƙarshe wani yaro sa'an ɗanta ya ce, "Mama, matsa gefe tukuna." Ta dawo tana ba mu labari tana dariya, wai na'ura ta ce babu ita a duniya. Amma ni da nake kusa da ita na san abin yana cin ranta.

Mijinta direban bas ne a da, shi ya sa kowa Direba yake ce masa, har ita. Dogo ne mai son zance, ya san kowace kwana ta garin nan da ramin da ke cikinta. Ƙodarsa ta daina aiki, sai an riƙa ɗora shi a kan inji duk bayan 'yan kwanaki ana tace masa jini. Abu ne da talaka ba ya ko tambayar kuɗinsa. Amma asibitin yana da ƙa'ida: matar ma'aikaci ko mijin ma'aikaciya ana yi musu kyauta, muddin mai aikin yana bakin aiki. Saboda haka Direba yana da gado a hawa na sama, kusa da taga, kuma abin da ke riƙe da gadon shi ne tsayuwar Yaya a gaban baho. Ranar da aikinta ya tafi, gadon ya bi shi. Kowa a ɗakin wanki ya san haka, ba ma dai faɗa.

"Ni ina wanki a ƙasa, shi ana wanke shi a sama," in ji ta. "Gidanmu dai babu datti."

A lokacin kati muke bugawa a bakin ƙofa don shaidar mun zo aiki, kuma muna da al'adarmu. Wadda ɗanta ya kwana da zazzaɓi, wata ta buga mata. Wadda mota ta yi wa tsiya a hanya, wata ta buga mata. Ranar wankin Direba kuwa ni nake buga na Yaya, ita ta tallafe shi su hau sama, ta gyara masa matashi, ta jira a soka masa allura, sannan ta sauko. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a matsayin ha'inci ba. Zannuwa dai suna fita fes a kan lokaci, kuma babu majinyacin da ya taɓa kwanciya a kan katifa tsirara saboda mu.

Wata safiya muka tarar an cire abin buga katin, an manna wani baƙin akwati a gefen ƙofa, girmansa bai wuce kwalin sabulu ba, da ɗan gilashi a samansa da ɗan allo. Wata siririyar yarinya mai tabarau tana zaune da kwamfuta a cinya, ita ce injiniyar kamfanin da ya kawo shi. Aka ce mu yi layi a yi mana rajista. Da aka zo kan Yaya sai ta miƙa mata yatsunta goma.

"'Yar nan, kada ki wahalar da kanki. Duba. Manyan na'urori sun gwada sun gaji."

Injiniya ta duba ta yi murmushi. "Mama, wannan ba ruwanta da fata. Ciki take dubawa."

"Cikin me?"

"Cikin tafin hannu. Akwai wani haske da take fitarwa wanda ido ba ya gani. Yana ratsa fata, sai jinin da ke cikin jijiyoyi ya shanye shi. Inda jijiya take sai ya fito baƙi a hoto, inda babu ya fito fari. Kowa kuma da yadda nasa jijiyoyin suka shimfiɗu. Ko tagwaye ba su zama ɗaya ba, ke kanki na damanki daban, na hagunki daban."

"To, sai ta ajiye hoton hannuna?"

"Tana mayar da zanen lambobi ta ajiye. Gobe in kin kawo hannu, ta sake dubawa ta gwada da abin da ta ajiye. In sun dace, ta gane ki. Daga nan sai ta tambayi kwamfutar ofis ko an yarda ki shiga, in an yarda ƙofa ta buɗe."

Ni da bakina ba ya zama shiru na ce, "To in na sare hannun wata na zo da shi a leda fa?"

"Sai dai ki koma da kayanki, Anti. Hannun da babu jini a jijiyarsa ba ya nuna komai."

Aka yi dariya. Injiniya ta ce ba a taɓa gilashin, a buɗe hannu ne a samansa kamar mai jin ɗumin murhu. Yaya ta buɗe hannu tana kawar da kai, irin na wanda ya saba da a ce masa matsa gefe. Koren haske ya kama. Sunanta ya fito a allon, ƙofa ta yi ƙaras ta buɗe. Yarinyar ta juyo mata da kwamfutar ta nuna mata hoton: wasu baƙaƙen layuka sun rarrabu sun sarƙe, kamar saiwar bishiya.

Yaya ta daɗe tana kallo. "Wannan duk nawa ne?"

"Naki ne, Mama. Kuma irin mai kyau, ya fito raɗau."

Ranar har aka tashi tana duba tafin hannunta. Ta laƙaba wa akwatin suna Ɗan Ƙofa. Kullum da safe sai ta gaishe shi, "Ɗan Ƙofa, an tashi lafiya?" sannan ta buɗe masa hannu. Ta ce duk garin nan shi kaɗai ne bai taɓa ce mata ta sake gwadawa ba. Ni kam tun ranar farko ban so shi ba, don na ga abin da ya zo kashewa. Kati ana ba da aronsa, hannu kuwa ba a barin sa a aljihun ƙawa. Ranar wankin Direba sai ta koma fitowa tun da asuba, ta zaunar da shi a bencin maigadi, ta nuna hannu, ta fito ta hau da shi sama, ta sauko a guje. Ba ta taɓa ƙorafi ba, ni nake yi mata.

An daɗe a haka. Sai wata safiya da aka kwana ana ruwa, ta zo a jiƙe, ta gaishe shi, ta buɗe hannu, ya nuna ja. Ta sake, ja. Baba Maigadi, tsoho mai butar lantarki a ƙarƙashin tebur, ya miƙa mata kofin shayinsa ya ce ta riƙe da hannu biyu. Ta riƙe har tafinta ya yi ɗumi, ta sake gwadawa, kore ya kama. Muka kwashe da dariya. Aka ce ashe Ɗan Ƙofa ma ɗan gari ne, sai da toshiyar baki.

Daga nan abin ya zama al'ada. Da safe Baba Maigadi yana dafa ruwa, ya tsoma ɗan tawul ya matse, ya ajiye mata a murfin buta. Da yamma, da yake ana nuna hannu wajen fita ma, ita kuma ta wuni cikin ruwan sanyi, ni nake ɗora dutsen guga a kan tawul, in naɗe mata hannu da shi mu taka zuwa ƙofa. Toshiyar Ɗan Ƙofa muke ce masa. Sababbin ma'aikata ma da sun zo ake koya musu, kamar yadda ake koya musu ninkin zanin gado.

Damina ta wuce, zafi ya shigo, mu duk gumi muke yi, amma hannun Yaya bai daina neman tawul ba. Da can ɗumi kaɗan ya isa, yanzu sai an sake tsomawa. Ta fara hutawa a tsakiyar matakala tana cewa takalminta ne ya kwance. Ta fara zama a kan kwandon da aka kife tana cuɗa daga zaune. Ta kama wata ɗabi'a ta tauna ƙanƙara, duk wanda zai hau sama sai ta ce ya roƙo mata a firjin ma'aikatan jinya. Leɓenta ya yi fari. A asibiti muke aiki, likitoci suna wuce mu a matakala kullum, amma mu tabo muka sani. Ka nuna mini zani in gaya maka abin da ya zuba a kansa, amma fuskar mutum ban iya karanta ta ba.

Injiniya ce ta fara faɗa da baki. Ta zo duba na'urar, Baba Maigadi ya kai mata ƙarar Ɗan Ƙofa cewa ya sa wa baiwar Allah ido. Ta ce bari a sake rajista. Yaya ta buɗe hannu ba tawul, hoton ya fito a kwamfuta. Ina tsaye a bayansu. Layukan nan baƙaƙe da muka gani a da sun koɗe, kamar rubutun da aka wanke da riga. Yarinyar ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Mama, sanyi yana sa jijiyoyi su tsuke, hoto ya dusashe. Wannan mun saba gani. Amma yau ana zafi." Ta rufe kwamfutar. "Na'ura ba likita ba ce, ni ma ba likita ba ce. Amma da mahaifiyata ce ke, da na ce ki je a duba jininki."

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Zan je."

Da muka koma ciki na tsare ta a bayan injin busarwa, inda ƙara ba ta bari a ji mu. Na ce yau ɗin nan za ta hau sama, ko in ja ta. Na ɗaga murya, na kira ta mai taurin kai, na faɗi abin da ƙanwa ba ta faɗa wa yaya. Ta bar ni na gama.

"Dutsen Guga, likitan ma'aikata in ya duba mutum, wa yake gaya wa?"

Na sani. Ofis yake gaya wa.

"To. In na hau sama na kwanta, wa zai tsaya a ƙasa? Ke za ki sa Direba a takardarki? Mijinki ne?"

Na nemi wata magana mai zafi in faɗa, ban samu ba. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ki dai riƙa ɗumama mini tawul." Da yamma na ɗora dutsen guga a kan tawul kamar kullum, ina yi ina jin haushin kaina da nata da na akwatin da na duk wanda ya ƙirƙiro shi. Ban ga wata hanya ba, kuma har yau in na zauna na sake lissafin abin ban ga inda za mu bi ba.

A gaban bahonta ta faɗi, hannunta ɗaya yana cikin ruwa. Muka ɗora ta a kan keken tura zannuwa muka hau da ita. Likita ya ce akwai ciwo a hanjinta da ya daɗe yana zubar da jini kaɗan-kaɗan, jinin jikinta ya kusa ƙarewa. Ya tambaye mu tun yaushe take haka. Muka dubi juna. Tun ruwan bara, in za a faɗi gaskiya, tun kofin shayin Baba Maigadi. Ɗan Ƙofa ya riga kowa sani, mu kuma muka yi ta toshe masa baki da tawul mai ɗumi.

Aka ce ana neman jini. Ɗakin wanki kaf muka hau, har da Baba Maigadi da aka ƙi ɗibar nasa jinin saboda tsufa ya fito yana faɗa. Aka yi mata aiki, aka ƙara mata jini. Ta kwanta a kan zannuwan da ta san su ɗaya bayan ɗaya. Na je gaishe ta na tarar tana murza gefen zanin da yatsa. "Wa ya wanke wannan? Bai jiƙa shi ba ya sa a inji." Direba kuwa a ranakun wankinsa sai ya sa a turo shi ɗakinta bayan an gama, ya zauna yana ba ta labarin fasinjojin da suka mutu tun tuni, tana lumshe ido tana cewa ya taɓa faɗa mata.

Hutun jinya yana da iyaka, kuma nata ya kusa cika. Na hau ofis wajen mai kula da ma'aikata. Ba mugun mutum ba ne, da mugu ne da na ji daɗin zaginsa. Ya ba ni kujera, ya saurare ni, ya ce likita yana ganin ba za ta iya aikin baho ba kuma, maganar tana gaban manya. Na ce in ta dawo bakin aiki ranar da hutun ya ƙare fa? Ya buɗe hannuwa ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Za mu gani."

Muka riƙe wannan "za mu gani" da hannu bibbiyu. Muka shirya komai. Za mu raba bahonta tsakaninmu, ni in ɗauki na safe kafin dutse ya yi zafi. Ita za ta zauna a kujera a bayan injin busarwa inda akwai ɗumi, tana ninke rigunan matashi. Ko ba ta ninke ba, babu mai faɗa. Abu ɗaya kawai ba za mu iya yi mata ba, shi ne nuna hannu.

Ranar ta zo daidai da ranar wankin Direba, sai suka zo tare, kowa yana cewa shi ke tallafe da ɗan'uwansa. Ta rame har zanin aikinta ya zagaye ta ya yi saura. Direba ya zauna a benci da 'yar jakarsa a cinya. Baba Maigadi ya riga ya dafa ruwa. Na naɗe mata hannu, muka jira, matan ɗakin wanki duk sun ƙi shiga sun tsaya a bayanta.

"Ɗan Ƙofa," in ji ta, "an kwana biyu."

Ta buɗe hannu. Ban taɓa roƙon Allah a kan wani akwati ba sai ranar. Nan take sunanta ya fito a allon, ko jinkiri babu. Wata a bayana ta ce alhamdu lillahi. Yaya ta kai hannu ta tura ƙofar. Ƙofar ba ta motsa ba.

A ƙarƙashin sunan akwai wani ɗan rubutu da ba mu taɓa gani ba. Yaya ba ta iya karatu sosai ba, sunanta dai ta san kamanninsa. Ta juyo ta dube ni. Na karanta a zuciyata: ba a yarda mai wannan suna ta shiga ba. Manyan sun riga sun gama maganarsu, kwamfutar ofis ta sani, mu ne ba mu sani ba.

Ta sake buɗe hannu. Sunan ya sake fitowa, da rubutun a ƙarƙashinsa. Baba Maigadi ya taho da sauri da wani tawul yana tururi.

"Baba, bar shi," na ce. "Ba sanyi ba ne. Ya gane ta."

Ba ta tambaye ni abin da aka rubuta ba. Ta dubi fuskata kawai, ta gyaɗa kai. Mu fiye da goma muna tsaye, kowace da hannun da zai buɗe ƙofar nan, wasunmu ma jininmu yana yawo a jikinta, amma babu abin da za mu iya yi mata da shi. In na buɗe ta shiga, sunana za a rubuta, ita kuma baƙuwa ce da ta shigo ɗakin wanki ba izini.

Ta taka a hankali ta zauna a benci kusa da mijinta. Shi bai ga allon ba daga inda yake.

"Hannun ne kuma?" ya ce. "Wannan tawul nasu ba ya komai. Kawo nan."

Ya ajiye jakarsa, ya sa hannunta a tsakanin nasa biyu yana murzawa, yana hura masa iska, yana gaya mata yadda yake yi wa injin bas in ya ƙi tashi da safe. Ta bar masa hannun. Ta dube ni ta saman kansa ta ce, "Ku shiga, zannuwa suna jira. Ni zan hau da shi, kada a ba wani layinsa."

Na buɗe tafina a kan gilashin, ƙofa ta yi ƙaras. Ina shiga na tsaya a bayan injin busarwa na yi kuka inda ƙara ba ta bari a ji.

Manyan sun yi wa Direba alfarma har ƙarshen wata. Daga nan aka ba wani majinyaci gadon da ke kusa da taga. Ni na goge zanin da aka shimfiɗa masa.